Bahon Mai Zoɓo

Kai da kake tara samari kana gasa su a rana da sunan horo, ajiye usur ɗin nan ka ji wani misali.

An yi wani ɗan kokawa wanda ya shekara uku bayansa bai taɓa ƙasa ba. Yana da ubangida, wani dattijo mai sanda da ɗan tsurut ɗin gemu, wanda ya koya masa kamu tun ƙuruciya, yana kuma son sa kamar ɗan cikinsa. Dokar dattijon nan guda ce: in an je garin wasu ba a shan ruwan kowa, kada a zuba maka wani abu. A haka suka tafi wata gasa a tsakiyar bazara. Da la'asar sakaliya aka saba shiga fili, amma ran nan babban baƙo yana sauri, sai aka dawo da wasan bayan azahar, lokacin da ko ƙadangare ya nemi inuwa. Gorar ruwan da suka zo da ita kuwa ta ƙare tun da hantsi. Ɗan kokawa ya ɗaura gurayensa da layu, fata kan fata, ya shiga. Ya ka da na farko, ya ka da na biyu. A kamu na uku sai ya saki abokin karonsa haka kawai, ya nufi wajen makaɗa yana tangaɗi, ƙafa na harɗe ƙafa kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Fili ya ɗauki shewa. Ni kaina da ina wurin da sai na kwaikwayi tafiyar nan, Allah ya yafe mini. Ubangidan ya ruga ya riƙo shi, shi kuwa ya dube shi ido cikin ido ya zage shi, mutumin da bai taɓa ɗaga kai a gabansa ba. Sai ya zube. Jikinsa zau kamar kaskon tuya, numfashi sama-sama, yana ta sambatu. Dattijo ya doka sanda a ƙasa: "An jefe shi! Wallahi an jefe shi! Dama na faɗa, garin nan ba a shigarsa da ido rufe."

A bakin filin akwai wata mai sayar da zoɓo, da ƙaton baho cike da ruwa da ƙanƙara inda take jiƙa robobinta. Ta taɓa ganin yadda aka ceto wani kurtun soja da ya faɗi wajen gudu. Ta kutso tana kwashe robobin tana watsarwa: "Baba, taɓa jikinsa mana! Zafi ne ya dafa shi. Ku cire masa fatun nan ku tsoma shi a bahon nan har wuya, yanzu-yanzu, asibiti ta biyo baya!" Dattijo ya kalle ta sama da ƙasa, ya karkace baki: "Ke 'yar nan, ji da zoɓonki. Ƙanƙara a jiki mai zafi? So kike ya shanye?" Aka yi mata caa, ta ja da baya. Sai aka lulluɓe shi da bargo wai ya yi gumi abin ya fita, aka kawo garwashi aka turara masa hayaƙi, mutane suka yi masa zobe har iska ta rasa ta inda za ta shiga. Aka ɗura masa rubutu, ya shaƙe, ya dawo da shi. Sai da aka kusa cinye awa guda, ya daina ko motsi, sannan aka nemi mota. A asibiti abin da suka fara yi shi ne yaye bargon, suka jibga masa ƙanƙara. Malamar asibitin ta ce wa dattijo, duk ɗan wasan da ya rikice a rana, ya fara shirme ko tangaɗi, jikinsa ya yi zau, to a sanyaya shi nan take kafin a ɗauke shi, rabin awar farko ita ce ransa. Ta tambaya ko babu ruwan sanyi a kusa da inda ya faɗi.

Kwana uku ɗan kokawa ya yi, bai farfaɗo ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce kwana ne ya ƙare. Dattijo ya ce haka ne, ya sunkuyar da kai. Amma daga baya ya koma filin shi kaɗai, ya auna da ƙafarsa daga inda ɗan kokawarsa ya faɗi zuwa inda bahon yake. Taku bakwai ne. Tun daga ranar bai ƙara horar da kowa ba. Duk inda ake wasa dai za ka gan shi a gefe, zaune kusa da baho cike da ƙanƙara, yana bin ƙafafun 'ya'yan mutane da kallo.

Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani, kaza ta kwana kan dami.