Ranar da Baba Ya Ci da Hagu

Ni ne na yi laifi. Ina ɗan shekara tara a Agege, muna cin tuwon rana da Babana da abokansa mahauta. Hannunsa na dama yana ta karkarwa, miya tana zuba, sai ya koma ci da hagu. Na ce, "Baba, Malam ya ce Shaiɗan ne ke ci da hagu."

Bai tsawata mini ba. Ya ce, "Malam ya yi gaskiya," ya tsame hannunsa daga kwanon, ya daina ci. Har yau haƙurin nan yana ba ni kunya.

Bayan shekaru likita ya gano cutar Parkinson ce, ya ba shi ƙwayoyin da suka lafar da karkarwar. A cikin danfo, motar haya, muna dawowa daga asibiti na ce, "Baba, na kunyata ka, na bar ka da yunwa. Ka yafe mini."