Ungozomar da Ta Buɗe Littafi a Gaban Mai Ciki

Ke da kike jin kunyar a gan ki da littafi a bakin aiki, zauna ki ji wani misali.

An yi wata ungozoma a ƙaramin asibitin wani ƙauye, shekararta ashirin da biyu tana karɓar haihuwa. Rabin yaran garin a hannunta suka faɗo. Duk da haka, akwai wani ƙamus na kalmomin likitanci da ba ya barin teburinta, bangonsa ya yage har sai da ta ɗaure shi da roba. Ran nan wata mai cikin wata takwas ta dawo daga birni da takardar hoton ciki. Likitan can ya yi bayani da Turanci a gurguje, ita da mijinta suka yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru, ba abin da suka kwaso sai cewa ɗa yana motsi. Mijin ya ce a duba a sallame su, a gida za ta haihu kamar yadda ta haifi sauran 'ya'yansu huɗu. Ungozoma ta karanta takardar, komai lafiya, sai wasu kalmomi biyu can ƙasa da ba ta taɓa cin karo da su ba. Ga layi har bakin ƙofa. Zuciyarta ta ce mata ta wuce su kawai, wa zai sani?

Sai ta jawo littafin a gabansu, ta cire robar. Mijin ya yi dariya ya ce, "Malama, ashe har yanzu ba a sauke karatun ba?" Maganar ta sosa mata rai ƙwarai, amma ba ta ɗago ba sai da yatsanta ya sauka kan abin da take nema. Ashe jijiyoyin jinin ɗan ne suka gitta bakin mahaifa. Ranar da faya ta fashe za su iya tsinkewa, jininsa ya ƙare tun ba a samo mota ba. Ta juya bayan takardar, ta zana musu abin da biro, ta faɗa musu da Hausar da babu kwana a ciki. Mijin ya janye maganar haihuwa a gida. A ranar ta mayar da su birni, likitoci suka yi wa matar aiki tun naƙuda ba ta zo ba, aka ciro yarinya da ranta tana tsala kuka.

Shi ya sa Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.