Faifai Uku a Jakar Maikuɗi

"Wa ya kai jakar nan kusa da wuta?"

Hapsatu na bayan zana tana tsintar shinkafa ta ji Abdulsalami, abokin mijinta, ya yi wannan tambaya a zaure. Hannunta ya tsaya cak a cikin tire.

Mijinta Maikuɗi yana shekarar ƙarshe a jami'a a Zariya, yana karatun kwamfuta. Ita iyakarta aji huɗu na firamare, amma ta iya saurare. Ya taɓa yi mata bayani cewa na'urar ba ta san komai ba sai an sa mata wani tsari da zai tashe ta, ya raba mata aiki, kamar uwar gida da safe. Irin wannan tsari aka ce ya rubuta nasa, ƙarami, kafin a ba shi digiri. Wata bakwai yana kai.

Ana saura mako biyar ya miƙa aikin aka aika masa daga garinsu Gwaram cewa gida babu lafiya, jikin mahaifiyarsa Inna Indo ya yi tsanani. Ya zo da jaka ɗaya, ya rataye ta, bai sake bi ta kanta ba. Shi ke ɗaga Inna, shi ke ba ta kunu a baki. Hapsatu ba ta iya taimaka masa sosai, don tun da cikinta ya shiga wata uku ko hayaƙin murhu ba ta iya shaƙa, girki ma maƙwabciya ke kama mata. Ran Laraba Inna ta samu sauƙi har ta zauna, ta kore shi ya je kasuwa ya sha iska. Ran Asabar aka kai ta makwancinta.

Bayan sadakar bakwai Abdulsalami ya ce aikin ba zai mutu ba yana raye. Yana aiki a wani ofishin gona a Birnin Kudu inda suke da kwamfuta guda, ya roƙi maigidansa aron kwana biyu, ya ɗauko ta a bayan mota naɗe cikin bargo, da ƙaramin janareta.

Tun hantsi suke shiri. Suka share zaure, suka sa dutse a ƙarƙashin ƙafar tebur don kada ya girgiza, suka kai janareta bayan katanga suka zuro waya ta taga. Da gilashin kwamfutar ya kawo koren haske, Hapsatu ta ji dariyar mijinta, karon farko tun rasuwar.

Saura faifai. Uku ne, baƙaƙe, masu kusurwa huɗu, sirara kamar kwali. Na farko shi ke buɗe masa wurin rubutu. Na biyu shi ke juya rubutun zuwa abin da na'ura ke ganewa. Na uku aikinsa ne. Kowanne ya yi masa kwafi don gudun tsautsayi, ya haɗa duka a aljihu ɗaya na jakar.

Na farko da ƙyar ya shiga. Na'urar ta yi ta gurnani, ta ƙi. Na biyu ma haka. Da aka zo kan na uku Maikuɗi ya yi bisimilla sau biyu. Suka gwada kwafin ɗaya bayan ɗaya. A nan ne Abdulsalami ya ɗaga faifai ya duba a haske, ya ga ya lanƙwashe kamar ganyen da rana ta doka, ya yi tambayarsa. Sannan ya kai jakar hancinsa, ya miƙa wa abokinsa.

Turaren wuta ne. An kife jakar a kan kasko, yadda mata ke turara kayan wanda zai yi tafiya.

Na farko da na biyu za a samu wasu a Zariya. Na uku babu shi a ko'ina a duniya.

Maikuɗi ya shigo tsakar gida riƙe da jakar. Bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a kanta, idanunsa jajur, ya tambaye ta ko ta san wanda ya yi wannan aiki.

Hapsatu ta dubi shinkafar da ke gabanta.

"Ni ce, Malam. Na so ka koma da ƙamshin gida."

"Sau nawa na ce kada a taɓa min jaka, Hapsatu?"

Ya ajiye jakar a gabanta a hankali, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Da zagi ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Da la'asar aka naɗe kwamfuta aka mayar Birnin Kudu. Kwana biyu bayan haka ya tafi Zariya roƙon a bar shi ya maimaita shekarar. Ya yi sallama da maƙwabta gida-gida. Ita daga bakin zaure ya ce mata sai wata rana, bai shigo ba. Kafin mako ya zagayo unguwa ta ɗauka cewa jahilcin mata ya cinye masa digiri, har a gidan suna aka yi mata shaguɓe.

Ta shiga ɗakin Inna don ta kwashe shimfiɗa, ta zauna a bakin gado. A nan ta zo ta tarar da tsohuwar ran Laraba, durƙushe a gaban kasko, tana juya jakar ɗanta a kan hayaƙi tana yi masa addu'ar cin jarrabawa. Hapsatu ta share hawayenta, ta ƙudurta a ranta cewa ko za ta rasa shi, ba shi ba, ba kowa ba, babu mai ji daga bakinta.