Irin shinkafar da Kawu ya watsa wa kaji

Har yau in na ga yaro ya zubar da shinkafa, ranar nan ta garinmu Garou nike tunawa, raina ya ɓaci.

Ina yarinya, wani tsoho Bajapane ya zo duba noman fadamarmu. Tafintansa ya ce iyayen tsohon manoma ne da sunka bar Japan sunka zauna Birazil. Da la'asar ya ciro 'yar jakar tsumma mai ƙanshin rumbu, ya sunkuya, ya miƙa wa Baba da hannu biyu.

Ya ce, "Uwata ta ɗinke wannan iri cikin rigarta ta ƙetare teku. Kowace shekara muna shuka shi don kada ya mutu. Ku gwada shi bakin gulbinku."

Kawu, yayan Inna, mai awon shinkafa a kasuwa, ya fizge jakar ya zazzage a tafinsa, ya dubi Baba.

"Haba Idi, wannan 'yar guntuwa? Ko kyauta ba mai karɓa!"

Ya watsa wa kaji. Baba ya sunkuyar da kai don kunyar suruki.

Tsohon ya durƙusa shina korar kaji, shina tsintar ƙwaya ɗai-ɗai, maza suna ta dariya. Abin da ya tsira bai cika cokali ba. Ya ƙulle jakarsa ya mayar aljihu.

Kawu ya daɗe da rasuwa, ina yi mashi addu'a. Amma shinkafar da ta ƙetare teku ta iske mu har gida, duk Garou kaji kaɗai sunka san ɗanɗanonta.