Juma'ar Surukin Hajiya

Ranar Juma'a Hajiya Sherifatu ta hau jirgin ƙasa daga Birmingham da makullin gidan 'yarta Hikma a jaka, da niyya ɗaya a zuciya: yau auren nan zai mutu.

Tun farko ba ta so shi ba. Duk samarin unguwarsu Erdington, Hikma ta tsallake ta kwaso Bature ɗan Finland, wai Juho, ya musulunta aka raɗa masa Nuru. Hikma da bakinta ta taɓa ba da labari tana dariya, cewa a ƙasarsu mutum kan kulle ƙofa, ya tuɓe daga shi sai gajeren wando, ya miƙe a kujera yana kwankwaɗar giya shi kaɗai, kuma abin har suna gare shi. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta adana maganar.

Mijinta Alhaji Musah shi ya ɗaure wa yaron gindi. Duk Juma'a sai ya ci ado ya tafi Salford, garin da su Hikma suke, wai zai kai surukinsa masallaci. Ya dawo da fara'a yana taunar kanumfari, babbar rigarsa ko lanƙwasa babu. In ta ce za ta bi shi, sai ya ce harkar maza ce.

Sai ga waya daga Celestina, maƙwabciyar Hikma. "Hajiya, duk Friday in 'yarki ta tafi aiki, labule a sake, TV na tashi. Da yamma kuma bin ɗin shara ya cika da gwangwanaye."

Ashe haka ne! Wato Alhaji masallacin yake tafiya shi kaɗai, ya dawo yana rufa wa ɗan giya asiri. Takaici ya hana ta cin abinci kwana biyu.

Ba ta zo ita kaɗai ba. Ta ɗauko ƙawarta Ubaida, wadda in ta ji magana da hantsi, kafin azahar ta kai Kumasi. Shaida ake so, wadda ba za ta yi shiru ba.

Ƙarfe biyu suka isa ƙofar gidan. Ana jin ƙarar wasan ƙwallo, da ƙarar buɗe gwangwani. Ubaida ta saita wayarta tana ɗauka. Hajiya ta murɗa makulli a hankali, zuciyarta fari ƙal.

"Salamu alaikum, Mama."

Suka waiwaya. Nuru ne a kan matakala, cikin jallabiya, da darduma a kafaɗa, fuskarsa ta yi jawur.

Ƙofar ta riga ta buɗe. Daga kan kujera, muryar da Hajiya ta shekara talatin tana ji ta taso cikin nishaɗi: "Nuru, har an sauko? Miƙo min mai sanyi daga fridge."