Manhaja Mai Cewa Lafiya Lau

Marasa lafiya sun cika asibiti, kowa wayarsa ta ce an ba shi lokacin ganin likita, alhali manhajar ba ta ajiye sunan kowa ba.

Shugabar ofis ta tsaya a kan wanda ya rubuta ta. "Ƙanena, manhajar nan halinka ta ɗauko. Ko ta faɗi warwas, amsarta 200, wato lafiya lau."

Ya zauna ya koya wa manhajar faɗin gaskiya: lamba 404 in ta nemi abu ta rasa, 500 in ciwon nata ne.

Da ya gama, shugabar ta dubi kuncinsa da ciwon haƙori ya kumbura.

"Kai fa, lafiya dai?"

"Lafiya l..."

Ta ɗaga gira.

"500, Yaya."

"Madalla. Nemi likita da manhajar taka."