Akori-kurar Amarawa

Ƙarfen daɓen motar ya ƙi ɗagowa sai da Ma'aruf ya sa masa wuta. Yana ɓanɓaro shi wani wari ya buge shi, irin na rijiyar da ta daɗe a rufe. Ya ja da baya ya tofar da yawu.

Fijo 404 ce, akori-kura, irin wadda aka daina ganinta a titi. A bayan wani gida a Amarawa ya gan ta, kaji na ƙwai a kujerarta, ya saye ta ya jawo ta garejinsa da ke bakin hanyar Kwanni. Duk Illela an san shi da gyaran jikin mota, amma wannan ba ta kowa ba ce, tasa ce. Niyyarsa ya mayar da ita sabuwa fil, ya rubuta sunan marigayi babansa, Malam Lawwali mai dabino, a bayanta. Su biyu suka rayu, ba uwa a gidan, ba dangin uwa masu leƙowa. Tsohon mutum ne mai tsoron mota, har ya rasu bai taɓa yarda ya zauna a gaba ba, amma yara na son shi, don aljihunsa ba ya rabuwa da alewa.

A ƙarƙashin daɓen akorin akwai wani daɓen. Tsakaninsu akwati ne dogo, marar zurfi, an yi masa walda mai kyau. Ma'aruf ya yi murmushi. A garin iyaka wannan ba labari ba ne. Atamfa, taba, batir, an sha ɓoye su a irin wannan wuri.

Sai ya ga hujojin. An huda su a jere ta gefen da ba a gani. Atamfa ba ta buƙatar iska.

Ya zura hannu ya fara fito da abin da ke ciki. Wani tsumma da ya sandare da ƙazanta. Takardun alewa da suka koɗe. 'Yar tsakiya ja a zare, irin ta ratayawa a wuya. Takalmin roba ƙafa ɗaya, wanda bai cika tafin hannunsa ba. Da ya juya marfin, sai ya ga fentin ciki duk an karce shi, layi-layi, ƙanana, kusa da juna.

Ya tura kansa ciki don ya tabbatar, nan take ya zaro shi. Dama tun yana yaro ba ya shiri da matsattsen wuri, ko ɗakinsa ba ya rufewa. Ya fito da gudu ya durƙusa bayan gareji ya yi amai.

Ya wanke hannu da fetur, ya wanke da sabulu, ya sake wankewa, warin bai bar hancinsa ba. Da aka kawo masa abinci daga gida, ya buɗe kwanon ya mayar ya rufe. 'Yarsa Haula ce ke faɗo masa a rai, yadda take fashewa da kuka in takalminta ya ɓace.

Wani mutum ya zauna ya auna wannan akwati da tsawon yaro. Ya tuƙa motar nan da ihu a ƙarƙashinsa, ya gaisa da mutane a hanya, ya koma gida ya ci tuwo da hannun nan nasa. Wataƙila ma da mutuncinsa ya mutu, aka cika sahu a jana'izarsa. Wannan ne ya fi ƙona wa Ma'aruf rai. Ya rantse sai ya san ko wane ne.

Sahabi, wanda ya sayar masa da motar, ya ce shi dai ya taso ya gan ta a bayan gidansu. Ya kai shi wurin kakarsa Tasalla, tana zaune gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa.

"Inna, ina wuni. Ma'aruf ne, na Malam Lawwali mai dabino."

Hannunta ya tsaya a kan gyaɗar. Ta ƙare masa kallo, sannan ta amsa gaisuwar.

Ya ajiye takalmin a kan tabarmarta. Ta kawar da kai.

"Mi kaka nema ga wagga mota, ɗana? Ka kai ta a narke."

"Mai ita nike nema."

"Ya mutu. Ɗiyan mutane shike ɗauka a ƙauyukka, ya ƙetare da su. Mun yi magana lokacin, ba wanda yas saurare mu. Da yag gama da ita, nan yaz zo yay yar muna."

"To ɗiyansa fa? Wallahi sai na kai masu wanga takalmi har gida, su san da mi anka ciyar da su."

"Bai taɓa haihuwa ba."

"Sunansa dai, Inna."

Tsohuwar ta ture faifan gyaɗar gefe, ta share hannunta da zane.

"Sau guda yat tahi da kaya yad dawo da saura. Wani yaro ne, zazzaɓi ya cinye shi a hanya, masu karɓa sunka ce ba su so. Ya rasa inda za ya kai shi, sai ya aje shi, ya aje tuƙi, ya koma saida dabino." Ta ɗago ido ta dube shi. "Ma'aruf, kai ne wanda ba a saya ba."